Neman gurbin ƙafa a kan feda: abin da na rubuta daga Janairu zuwa Afrilu

Asabar, 4 ga Janairu 2025

Yau ma a kilomita 24 ta fara. Gwiwar dama ce, ta gefen waje, ɗan sama da inda take lanƙwasawa. Da farko kamar wani ya ɗora yatsa ya danna, in na yi taurin kai na ci gaba sai ta koma kamar ana soka mini tsinke duk lokacin da feda ta sauko. Na juyo daga hanyar Zariya ƙafar hagu na yin aikin mutum biyu. Wata huɗu ke nan da na sayi wannan keken tsere na gwanjo, na ɗaga sirdi na sauke, na tura shi gaba na dawo da shi baya, duk an yi ba a yi ba.

Da na dawo na jingina shi a zaure ina goge ƙurar hunturu, sai idona ya faɗa kan hannun feda na dama, wato ƙarfen nan da ya taso daga gindin keke ya riƙe feda. Baƙin fentinsa ya goge tas a wuri ɗaya, kamar faɗin babban yatsa, har farin ƙarfen yana ƙyalli. Na hagu ma ya ɗan gogu, amma kaɗan. Na ɗauko takalmin na juya, dunduniyarsa ta gefen ciki ta ƙoƙe. Ashe duk taku ɗaya dunduniyata na shafar ƙarfen. Ba abin mamaki ba ne, tun ina yaro ake tsokanata da tafiyar agwagwa: yatsu waje, dunduniya ciki.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na yi shekara goma sha ina taka Phoenix ɗin Baba, wani lokaci da buhun masara a kariya, gwiwa ba ta taɓa ce mini uffan ba. Zan riƙa rubuta abin da na taɓa da abin da ya biyo baya. Sharaɗi ɗaya na gindaya wa kaina: abu ɗaya zan canja a lokaci guda.

Lahadi, 5 ga Janairu

Ranar awo. Ido ba mudu ba ne, kuma a wannan aikin ko kima bai sani ba, domin magana ce ta milimita.

Masu harkar keke a Turai da Amurka suna kiran tazarar da ke tsakanin fuskokin waje na hannayen feda biyu kiyu-fakta. Wani mai tsara kekuna, Grant Petersen, ya laƙaba sunan lokacin da yake aiki da kamfanin Bridgestone a Amurka, kuma daga kukan agwagwa a Turanci ya ɗauko harafin farko, saboda mai taka keke mai faɗi yana tafe ƙafa a bubbuɗe. Sai da na yi dariya ni kaɗai. Ashe dangina ne.

Na juya hannun dama ya miƙe sama daidai da bututun da ke riƙe sirdi, na auna daga fuskarsa ta waje zuwa tsakiyar bututun: 74. Na hagu ma 74. Jimla milimita 148, kuma haka yawancin kekunan tsere na kwalta suke, tsakanin 145 da 150. Kekunan dutse sukan kai 170 ko su wuce, saboda tayarsu na da kauri, dole firam ya buɗe ya ba ta hanya, hannayen feda su ma su matsa waje. Masu tayar nan kamar ta babur sukan kai 200.

Amma ƙafa ba a kan hannun take ba, a tsakiyar feda take. Fedata Shimano ce irin mai kama takalmi, daga hannu zuwa tsakiyarta milimita 52. Saboda haka tsakanin ƙafa da ƙafa 148 da 52 sau biyu, 252.

Bayan la'asar na tafi gidan Baba da tef a aljihu. Phoenix ɗin yana nan a bayan rumfa, taya ta sace, gizo-gizo ya yi saƙa a birki. Na tsugunna na duba robar fedarsa. Ba ta cinye a tsakiya ba, a gefen waje ta cinye, ta dama har ta yi kwarmi. Na auna daga kwarmi zuwa kwarmi ya ba ni wajen 285. Fiye da santimita uku ke nan tsakaninsa da keken tseren. Wancan feda ce shimfiɗaɗɗiya, ƙafa ta zaɓi inda take so ta zauna. Wannan kuwa ya kama takalmi ya ce nan za ki zauna.

Baba yana kan tabarma yana kallona. Ya ce, "Kai kuma me kake aunawa a jikin tsohon nan?" Na ce, "Baba, inda ƙafata take sauka nake nema." Ya ce, "To ka ɗauke shi ka tafi da shi mana, ka huta da wancan siririn da ka ɗaure ƙafarka a kai kamar akuyar sayarwa." Ban sami amsa ba.

Asabar, 11 ga Janairu

Na fara da abin da ba ya cin kuɗi. A ƙasan takalmin akwai ɗan farantin roba mai kusoshi uku, shi ne yake shiga feda ya kama, 'yan tsere suna ce masa kilit. Nawa mai ruwan ɗorawa ne, wanda yake barin dunduniya ta yi wasa digiri 6. Shuɗin digiri 2 ne, jan kuwa ba ya motsi ko kaɗan, ba nawa ba ne wannan. Abin da ke ruɗa mutane: in kana so ƙafa ta fita waje, kilit ɗin ciki za ka tura, wajen babban yatsa. Na zagaye tsohon gurbinsa da biro tukuna, na sassauta, na tura har ƙarshe. Kamar milimita 3 na samu a kowace ƙafa. Yanzu 258.

Ciwo ya jira har kilomita 29. Ban sani ba ko aikin kilit ne ko kuwa don iska tana bayana.

Laraba, 15 ga Janairu

Na kai wa Malam mai gyaran keke na bakin layinmu, na ce washa, wato siririn zoben ƙarfe, nake so a sa tsakanin feda da hannunta. Ya dube ni ya ce, "Alhaji, fedar lafiyarta ƙalau, me za a yi mata?" Da na nuna masa fentin da ya goge sai ya gyaɗa kai, ya zazzage gwangwanin madara cike da tarkace ya zaɓo masu daidai baki.

Ga wanda bai taɓa kwance feda ba: ta hagu zarenta a juye yake. An yi haka ne don taku kada ya riƙa kwance ta. Hanya mafi sauƙin tunawa, in sifana tana sama, ka tura ta wajen tayar baya, ko dama ko hagu, ita ce kwancewa. Bakin zaren kusan duk manyan kekuna kashi 9 cikin 16 na inci ne, sai wasu kekunan yara da masu hannu a haɗe guda ɗaya da suke rabin inci.

Na so a sa washa uku a dama. Malam ya ƙi. Ya nuna mini tsawon zaren, bai fi milimita 12 ba, ya ce duk abin da washa ta ci daga nan ta ci, kuma hannun alminiyon ne, in zaren ya tsinke sai dai sabon hannu. Ya yi gaskiya. Kamfanin Look ma, masu ƙera feda, da suka ƙara wa zaren fedarsu tsawo musamman don wannan, washa ta milimita 2 suka amince da ita, daga 53 zuwa 55. Muka tsaya a 2 kowane gefe, ya shafa giris ya ɗaure. Takardar Shimano ta ce a ɗaure da ƙarfin 35 zuwa 55 na ma'aunin niyuton-mita. Ma'aunin Malam damtsensa ne. Yanzu 262.

Asabar, 18 ga Janairu

Kilomita 36 kafin ta motsa. Na shafa alli a hannun dama kafin na fita, na dawo an share rabinsa. Dunduniya tana taɓawa har yanzu.

Laraba, 29 ga Janairu

Saƙon da na yi oda ta intanet ya iso: ƙarafa biyu masu ƙara wa feda tsawo, kowane milimita 20. Gefe ɗaya yana shiga hannu, ɗaya gefen feda na shiga cikinsa. Ana yin su 16, 20, 25 har 30. Na ɗauki 20 saboda lissafin Phoenix, da kuma zari, in faɗi gaskiya.

Nan gwiwata ta yi sanyi, ta ɗaya ma'anar. Fedata ba ta da wurin sifana 15, da alanki 8, ƙarfen nan mai kusurwa shida da ake zurawa a rami, ake ɗaure ta ta bayan hannu. Ƙarafan nan kuwa toshe suke, ba rami. Da zarar bakin feda ya shige ciki, ba ta inda alanki zai kai gare shi. Mai sayarwa bai faɗa ba, ni ma ban tambaya ba. Akwai masu rami a tsakiya da aka yi don irin wannan feda, su ya kamata in nema.

Na je wurin wani mai injin sassaƙa ƙarfe, ya ce minti goma ya huda mini su. Na riƙe ɗaya a hannu ina juyawa, na tuna nauyina gaba ɗaya a kansa zai sauka in na miƙe tsaye a hawa, ga shi ban san irin ƙarfen ba. Na mayar aljihu. Wani abokin hawa ya ara mini tsohuwar fedarsa, irin tawa ce kuma kilit ɗaya, amma mai araha, wadda take da wurin sifana.

Asabar, 1 ga Fabrairu

Na cire washa na sa ƙarafan. Da kilit da komai, 298. Wato na wuce Phoenix.

Mita ɗari na farko ji na yi kamar na hau jaki mai ciki. Bayan kilomita biyar jiki ya saba, kuma gaskiya ne, gefen wajen gwiwar dama shiru kake ji har kilomita 45. Alli a hannun feda bai gogu ba ko kaɗan. Na fara murna a zuci, ina shirya yadda zan ba mutane shawara.

A hanyar dawowa sai gwiwar hagu, wadda ba ta taɓa ciwo ba, ta fara zafi ta gefen ciki. Ƙugu ma ya riƙe ta dama da hagu, irin riƙewar wanda ya daɗe a tsugune. An gudu ba a tsira ba.

Sai abin da ya fi tsorata ni. A wani shataletale na kwanto keken hagu ina takawa kamar yadda na saba, ji na yi ƙarrr, fedar hagu ta daki kwalta, tayar baya ta yi tsalle ta sauka gefe. Allah ya kiyaye ban faɗi ba, mai adaidaita da ke bayana ya zazzaga mini abin da ya samu. Na tsaya na duba, gefen fedar abokina ya karce, sai na ba shi haƙuri. Lissafin a fili yake, ni ne ban yi shi ba: feda in ta ƙara fita waje, ba sai keke ya kwanta sosai ba take kai wa ƙasa. Duk wanda ya sa irin waɗannan ƙarafa ya daina takawa a kwana, fedar ciki ta kasance a sama.

Lahadi, 9 ga Fabrairu

Na sauke sirdi milimita 3 na sake gwadawa, tunda ƙafa in ta buɗe tana ɗan ƙara miƙewa kafin ta kai ƙasa. Ƙugu ya sassauta, gwiwar hagu ba ta yafe ba. Na kwance ƙarafan na mayar da fedata da washa.

A wurin shan shayi bayan hawa aka yi mini caa. Wani matashi cikinmu, wanda ya fi kowa gudu, ya ce, "Yallaɓai, duniya tana matse feda kai kana buɗewa?" Ya kawo labarin Graeme Obree, ɗan Sikotland ɗin nan da ya ƙera kekensa da hannunsa, har da boris na injin wanki, ya matse gindin keken sosai, ya cire bututun sama don kada gwiwoyinsa su buga. A ranar 17 ga Yuli 1993 a Hamar ta ƙasar Norwe ya yi kilomita 51.596 cikin awa ɗaya, ya karya tarihin da ɗan tseren Italiya Francesco Moser ya kafa tun 1984. Labarin gaskiya ne, kuma matsattsen taku yana rage iskar da mutum ke turawa. Amma ni abin da na ɗauka daga ciki daban ne: mutumin ya dubi yadda ƙafafunsa suke so su tafi ya ƙera keke a kan haka. Nasa sun so matsi. Shi kansa matashin, in ka bi shi a baya, gwiwoyinsa kamar za su sumbaci firam. Ni kuwa nawa waje suke nema, kuma ba kambun duniya nake nema ba, so nake in dawo gida in iya durƙusawa a sallar azahar.

Asabar, 15 ga Fabrairu

Tunda 262 ya yi kaɗan, 298 ya yi yawa, sai a nemi tsakiya. Keken nan tsoho ne, kuma tsufansa ya yi mini rana: sandar gindinsa, wadda hannayen feda biyu suke ɗaure a kanta, irin mai baki murabba'i ce, wadda ake samu da tsawo iri-iri, 107, 110, 113, 115, 118, 122.5 har 127. Sababbin kekuna da sandar take manne da hannun dama ba su da wannan damar. Tawa 110 ce a cikin gida mai faɗin 68. Malam ya samo 118 ya sa. Na auna, kiyu-fakta ta tashi daga 148 zuwa 156.

Ƙafa ta ji daɗi, kaca ta ƙi. Farantan gaba, waɗanda kaca ke hawa, sun matsa waje tare da hannun. A keken tsere mai faranti biyu, tsakiyarsu ya kamata ya zauna milimita 43.5 daga tsakiyar firam, yanzu ya doshi 47 da wani abu. Abin canja giya na gaba da ƙyar yake tura kaca kan babban faranti ko da mun saki kusarsa har ƙarshe. In na sa giyar hawa mafi taushi, kaca tana tafe a karkace tana kuka, in na juya feda baya sai ta sauko da kanta. Malam ya ce, "Alhaji, wannan in ka bar shi haka, wata uku za ka dawo sayen kaca." Muka cire, muka sa 115. Kiyu-fakta 153, giya duk suna shiga, ƙara kaɗan ce a faranti na ƙarshe na baya.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Wannan ya kamata in fara yi tun Janairu. Na jiƙa ƙafa na taka simintin tsakar gida ina tafiya yadda na saba, ba tare da na duba ƙasa ba, sannan na juyo na kalli sawun. Na hagu ya ɗan karkata waje. Na dama ya karkata kusan ninki biyu. Daga nan ƙanina ya tsaya a ƙarshen layi da waya ya ɗauke ni ina tahowa, muka rage gudun hoton muka kalla. Gwiwar hagu tana hawa tana sauka a miƙe a kan ƙafarta. Ta dama in ta zo sama sai ta fita waje ta zagayo, kamar tana kauce wa wani abu, sannan ta dawo ciki ta sauka.

Ke nan ƙafafun biyu ba buƙata ɗaya gare su ba, shi ya sa milimita 20 ta warkar da ɗaya ta kama ɗaya. Na mayar da washar hagu ta milimita 1, na bar 2 a dama. Na kuma ɗan juya kilit ɗin dama yadda dunduniya za ta zauna a tsakiyar wasanta, ba a ƙarshensa ba. Na karya sharaɗina, abu biyu na taɓa yau. Jimla 266.

Alhamis, 27 ga Fabrairu

Uwargida ta ce tun da aka fara wannan awo ba ta ga an auna gwiwar kanta ba, sai ƙarfe. Na je wurin likitan motsa gaɓoɓi. Ya danna wurin na yi ƙara. Ya yi mini bayanin wata jijiya mai faɗi da ta sauko daga ƙugu ta gefen cinya ta maƙale a ƙasan gwiwa, ita ce ke damun masu keke da masu gudu a daidai wannan gurbi. Ya sa na tsaya da ƙafar dama kaɗai na ɗan durƙusa, sai ga ni ina tangaɗi kamar mai koyon tafiya. Ya ce naman gefen ƙugu ba ƙarfi. Bai hana gyaran feda ba, amma ya ba ni motsi uku in riƙa yi kullum, ciki har da kwanciya a gefe ana ɗaga ƙafa. Yara sun samu abin dariya.

Asabar, 15 ga Maris

Azumi, ga zafi ya shigo. Kilomita goma zuwa goma sha biyu bayan tarawihi, sau biyu a mako. Ba ciwo, amma wannan tazarar ba ta isa shaida ba. Motsin likita ina yi kafin sahur, na tsallake kwana huɗu.

Asabar, 12 ga Afrilu

Hawa mai tsawo na biyu bayan Sallah. Makon jiya 40, yau 58, na fita tun da asuba don in riga rana. Gwiwar hagu lafiya. Ta dama ta ɗan yi magana a wajen 50, danna yatsa ba sukar tsinke ba, kuma ta yi shiru da na sassauta giya. Alli ya gogu siriri kamar zare. Ba zan iya raba abin da feda ta yi da abin da motsin likita ya yi ba, tunda tare suka tafi.

Yadda keken yake yanzu: sandar gindi 115, kilit a ƙarshen ciki, washa 2 a dama 1 a hagu, sirdi ya sauka milimita 3 daga inda yake a Janairu. Abin da ban so ba shi ne kilit ɗin da ya tafi ƙarshe, domin nauyi yana sauka a gefen babban yatsa, bayan awa biyu tafin ya fara zafi. Shimano suna yin wasu fedojinsu masu tsada da sanda mai ƙarin milimita 4, wato 56 maimakon 52. In na samu ta gwanjo, zan cire washa duka, in dawo da kilit ɗin hagu tsakiya, in bar na dama inda yake in gani. Wani da zai dawo daga tafiya a watan gobe ya ce zai duba mini.

Ƙarafan milimita 20 suna cikin gwangwanin Malam, ya ce akwai wani dattijo mai ƙiba da cinyoyinsa ke gogar sirdi, zai gwada masa. Asabar mai zuwa kilomita 65, ba zan taɓa komai ba sai alli.